Delmar Hovland, Mai Ba Kowa Hanya

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da la'asar, ajali ya riski Delmar Hovland a bakin gonarsa ta arewa, a nan jihar Iowa, yana da shekara saba'in da ɗaya. Mota ce ta daki taraktarsa, taraktar ta kife da shi cikin lambatu, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Wanda ke tuƙa motar ɗana ne, Curtis. Na fara da wannan ne domin kowa a garin nan ya sani, kuma ba zan yi ta'aziyyarka ina ɓoye-ɓoye ba, Delmar.

Iyakar gona ɗaya muka haɗa da kai tun muna samari. Kai ne uban baftismar Curtis. Shekarar da matata ta kwanta ciwon ajali ana tsakiyar kaka, na dawo daga asibiti na tarar an girbe waken suyana tas, naka kuwa yana tsaye yana zuba. Da na je godiya sai ka haɗe rai, ka ce kuskure ka yi, gonar ce ta rikice maka. Mutumin da ko idonsa a rufe ya san kowace kunya a ƙasar nan!

Amma abin da aka fi saninka da shi hanya ce. Da kaka, in tarakta ta hau titi tana jan amalanken hatsi, na baya sai haƙuri. Yawancinmu mukan ce su jira, ai abincinsu muke ɗauke da shi. Kai kuwa da ka hango mota a madubi sai ka ratse dama, ka miƙo hannu ta taga ka ce a wuce. Na sha yi maka tsiya a kan haka.

"Kai dai masararka sai ta tsiro a amalanke kafin ka kai rumbu."

"Vernon, ba ka da imani," in ji ka. "Wataƙila na bayan nan matarsa ce ke naƙuda."

"Wace matar? Duk matan titin nan sun haura sittin!"

Ka yi ta dariya har gahawa ta sarƙe ka, washegari kuma ka sake ratsewa.

Wannan halin naka ne ya yi ajalinka, abin da ke cin raina ke nan. Tarakta mai jan amalanke ba ta iya shiga ƙofar gona ta hagu sai ta fara buɗewa dama, sannan ta karyo. Kowane manomi ya san haka, Curtis ma manomi ne. Da wani ne a gabansa, da ya taka birki ya jira. Da kuma baƙo ne daga birni a bayanka, tsoron girman amalanken kaɗai ya isa ya tsayar da shi. To, kai ne a gaba, shi ne a baya, tun tasowarsa yake ganin kana ratse masa. Ƙaiƙayin masara ya rufe fitilar siginarka. Ya ga ka yi dama, ya taka mai, kai kuma ka karyo hagu.

Na same shi zaune a bakin titi, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Abu ɗaya yake ta maimaitawa.

"Baba, na ga ya ratse. Har hannu na ɗaga masa, Baba."

Ka bar masara rabi a tsaye, dusar ƙanƙara kuma tana tafe. Al'adarmu ba ta canja ba, in manomi ya faɗi da kaka sai a kira gayya. Injin girbin Curtis ya fi na kowa girma, kuma ya roƙe ni in nema masa izini wurin matarka, Marlys. Na san ba masara yake nema ba. So yake ya san ko akwai sauran wurin tsayawa gare shi a garin da aka haife shi.

Na je na same ta a kicin, na kasa zama.

"Marlys, maganar gayya ce. Curtis yana so ya zo. In ba ki so, ko kusa ba zai rabi gonar ba."

Ta ce, "Masara ba ta san hannun wa ya cire ta ba. Ya zo. Amma kar ka tambaye ni fiye da haka, Vernon."

Ya zo tun sanyin safiya, ya kama can ƙarshen gona shi kaɗai. Da rana ta take aka kashe injuna, aka taru a rumfar taraktocinka cin abinci. Curtis bai sauko ba. Sai muka ga Marlys ta zuba nama da dankali a faranti, ta rufe, ta fita ta nufi inda yake, tana taka kututturan kara. Duk muka daina tauna. Ta kai tsakiyar gona, shi kuma ya kashe inji, ya buɗe ƙofa. Nan ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, sannan ta juyo, ta dawo ta danƙa mini farantin.

"Kai masa. Na gwada, Vernon. Allah ya gani na gwada."

Na kai masa, bai ci ba. Kafin faɗuwar rana masararka ta shige rumbu, kowa ya ce an yi aikin lada. Ni ban ga abin da aka gyara ba. Na rasa aboki, ɗana kuma yana numfashi ne kawai, ya daina zuwa coci, ya daina bin titin. Ban ga laifin Marlys ba ko kaɗan. Wanda zai iya sasanta su da kalma biyu da dariya, shi ne muka binne.

Allah ya jiƙanka, Delmar, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Marlys, ke da 'ya'yanki da jikoki, ina miƙa muku gaisuwa da kunya a idona, Ubangiji ya ba ku juriyar wannan rashi. Kai kuma Curtis, ba wanda ya yi maka gaisuwa, alhali kai ma uba ka rasa. Ni ina yi maka. Allah ya ba ka haƙuri, ɗana.