Rakin da Na Yi wa Yaya

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye, Yayata ta baro ƙauyen Gaffati ta dawo wurina a unguwar Zango da ciki wata takwas. Mijinta ya tafi Kano neman abin da za a ci. Kwananta uku da zuwa na ga jini a zanen da ta ɓoye bayan ɗaki. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Haka take tun muna yara, ko kunama ce ta harbe ta sai dai ka ga tana gumi.

Da hantsi na ja ta asibiti. Ƙofar gaba mai labule ta matan Nasara ce da matan manyan ma'aikata. Mu kuwa gindin bishiyar bedi ne namu. Majo, babban ma'aikacin jinya, shi ke zagayawa yana zaɓen wadda za ta ga likita, wani Bafaranshe. Na tare shi na ce Yaya na zubar da jini. Ya dube ta, tana zaune ta lulluɓe har ka, ko tari ba ta yi.

"Likita ya ce matan nan naku ba sa jin ciwo kamar na Turai," in ji shi. "A gona ma haihuwa suke yi. Wadda abin ya ci ƙarfinta za mu ji ta."

Naku, wai. Majon nan da uwarsa ce ke tuyar ƙosai a bakin kasuwa.

Muna nan wata Madam ta sauko daga mota, ƙaya ta soke ta a yatsa, tana yarfe hannu tana ƙara. Kafin ta kai labule an ɗaga mata shi.

Na durƙusa gaban Yaya. "Don girman Allah, Yaya, ki yi ihu ko sau ɗaya ne, su ji."

"Ni in yi raki a gaban maza, a kai labari Gaffati? Inna ta haifi tara, wa ya ji muryarta?"

Wallahi na rasa wa zan shaƙe. Likitan da bai taɓa tambayar ko ɗayarmu ba, ko majo da ya hau kan maganarsa ya zauna, ko matar nan da leɓenta ya yi fari fat tana kare mutuncin Inna. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Aka kira azahar, inuwa ta gusa, tabarmar da take kai ta jiƙe.

Sai na tuge ɗankwali na faɗi ƙasa na kurma ihu, ina birgima kamar mai iskoki. Nan da nan ga majo da mutum biyu, har likitan ya fito. Suka sunkuya za su ɗauke ni. Na tashi zaune na ɗaga gefen mayafin Yaya na nuna musu tabarma. Sai a lokacin likita ya hau faɗa da Faransanci, wai don me ba a gaya masa ba.

Yaya ta rayu. Ɗan, namiji ne, bai zo da rai ba. Ungozomar asibitin ta ce min da tun safe aka shigo da ita, da an same shi.

Da aka bar ni na shiga, na tarar an rataya mata ruwa. Na zaci ɗan za ta tambaya. Ta kama hannuna ta jawo ni kusa, muryarta da ƙyar take fita.

"Ni dai ban yi kuka ba ko?"

Na ce, "Ba ki yi ba, Yaya."