Ƙofar da Kawu Mai Fanka Ya Toshe

Kawuna, wan mahaifiyata, gyaran fanka yake yi, kuma sana'ar ta cinye sunansa tun kafin a haife ni. Ka ce Mai Fanka, ko wanda ya tare a unguwar jiya zai nuna maka gidan. Shagonsa wani ɗan tsukukun ɗaki ne a bayan kasuwa, cike da fankoki, wasu ba fiffike, wasu ba gindi, ga duwatsun guga jere a kan kanta suna jiran masu su. Duk wannan tarin fankar babu ɗaya da ke juyawa dominsa. In zafi ya ishe shi, yagaggen kwali yake ɗauka ya yi fifita.

Ya faro sana'ar ne tun yana saurayi, ranar da ya kwance lafiyayyar fankar mahaifinsa don ya ga abin da ke juya ta. Ya sha duka, amma ya mayar da ita tana aiki. Tun daga ranar ya sa a ransa cewa babu abin da zai lalace a duniya wanda waya da filaya ba za su gyara ba. Da wannan tunani ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'yansa, da shi furfura ta same shi.

Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ce kishiyar halinsa. Kawu in ya buɗe baki kamar an kunna rediyo an ɓatar da makashinta, Inna kuwa ba ta faɗar magana sau biyu, sau ɗayan ma sai ka yi sa'a. Da yara suka watse, gidan ya rage su biyu. Shi ya fita da safe sai faɗuwar rana, ita ta wuni a tsakar gida. Amma ba ta taɓa kukan kaɗaici ba, saboda a katangar da ta raba su da gidan maƙwabciyarta, Mai Kitso, akwai wata 'yar ƙofar langa-langa da ba a taɓa sa wa sakata ba. Ta nan gishiri ke wucewa, ta nan ashana ke dawowa, ta nan labarin unguwa ke shigowa da ɗuminsa. Mai Kitso mace ce mai jiki da murya, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma gidanta ba ya rabuwa da mata masu jiran layi.

Wata rana da tsakar rana, Inna na shanya, wani ƙato ya diro ta katangar baya. Ya sungumi rediyo da wayarta, da ta sha gabansa ya hankaɗe ta, ta faɗi a kan hannu. Ihu ɗaya ta yi. Kafin ƙaton ya juya, Mai Kitso ta banko 'yar ƙofar nan da mata a bayanta, wata da rabin kitso a kai, wata da kujera a hannu. Gogan naka ya ga ba sarki sai Allah, ya watsar da rediyo, ya kutsa ta tsakaninsu, ya bi ta ƙofar da suka shigo, ya fice ta gidan Mai Kitso.

A duk labarin nan da aka ba Kawu, abu ɗaya kunnensa ya riƙe, wato ɓarawo ya fita ta ƙaramar ƙofa. Ya ce ƙofar da ɓarawo ya fita ta cikinta, gobe ta nan zai shigo, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Washegari, Inna na asibiti ana duba targaɗen hannunta, ya kira magini, aka cire langa-langar, aka jera bulo, aka shafe da siminti sumul. Inna ta dawo ta tsaya gaban ɗanyen simintin, ta daɗe tana kallo. Daga nan ta shiga ɗaki ta haɗa akwati da hannu ɗaya, ta ce za ta gidan babbar 'yarsu.

"Malam, in gidan ya zama wanda mutum zai iya zama, ka aiko."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Kawu ya fassara shi da cewa tsoro ne ya kore ta, kuma maganin tsoro ƙarin tsaro. A nan ne ni na shigo cikin zancen, don ni lauya ce, ina da ɗan ofis a saman wani kantin magani, kuma Kawu yana ce mini Barista tun ban gama makaranta ba.

Ya hawo benen yana haki, da wata fanka a hammata, wai ya lura tawa tana ƙara.

"Barista, tambaya ce da ni ta doka. In mutum ya ja waya tsirara a kan katangarsa ya haɗa da wuta, katangar tasa, wutar ma shi ke biya, ina ruwan hukuma?"

"Ruwanta kuwa har wuya, Kawu. Waya ta san ɓarawo ne? Ɗan maƙwabta ya hau ɗauko ƙwallo, ko mai karanta mita ya dafa, ita duk ɗaya ne a wajenta. In wani ya mutu, kai za a tsayar gaban alƙali."

"To in ɓarawon ne da kansa ya taɓa?"

"Ko shi ne. Kare kai shi ne mutum ya taso maka, ka tare. Kai kana shago kana fifita, wa ya taso maka? Wannan tarko ne ka ɗana, kuma kotu ba ta wasa da tarkon da zai iya kashe mutum."

Ya ja tsaki, ya ce da ganin dokar nan ɓarayi ne suka zauna suka rubuta ta. Ya sauka ya bar mini fankar, wadda ta fi tawa ƙara.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo da zancen bindiga. Na ce sai da lasisi, kuma kafin a ba shi sai an bincike shi ciki da waje, har idonsa za a duba. Wannan mutumin da ke neman tabarau alhali yana kan hancinsa, shi ne zai riƙe bindiga? Ya bar wannan, ya koma kan sanda.

"Ita ma sai na yanki lasisi?"

"Sanda taka ce, Kawu, ka ajiye ta a bayan ƙofa. Amma doka tana duba abin da aka zo maka da shi. Wanda ya zaro wuƙa yana neman ranka daban, wanda ya ɗauki rediyo ya ba ka baya daban. Da zarar ya juya zai gudu, hannunka ya tsaya, sai ihu da kiran 'yan sanda. In ka bi shi har titi ka fasa masa kai, kai ne mai laifi."

"Wato in na gan shi sai in yi masa sannu da zuwa, in ce malam da me ka zo, don in san sandar da zan ɗauko?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, sai na lura rigarsa duk ta yamutse, shi da ke gyara wa rabin gari dutsen guga.

"Barista, gidan nan ya yi mini girma," ya ce a hankali. "Ko tsakinta ne ina so in ji."

Gaskiya ya ba ni tausayi. Tsoho ne da ke kewar matarsa, bai kuma san wata hanyar kiranta ba sai ta waya da filaya. Na faɗa masa abubuwan da doka ba ta da ja a kansu: ya ƙara tsawon katanga, ya sa ƙarfe a tagogi, ya sa fitila a waje, ya yi ƙararrawa. Da jin ƙararrawa idonsa ya kawo haske.

Shago ya koma buɗewa rabin wuni. Katanga ta tashi har sai da ta rage wa tsakar gidan rana. Tsohuwar ƙofar katako ta tafi, ta ƙarfe ta zo, da kwaɗo a sama, kwaɗo a ƙasa, da wani makulli da sai an juya shi hagu kafin dama. Ƙararrawar kuwa da hannunsa ya ƙera ta. Ya ɗauki injin tsohuwar fanka, ya ɗaura masa cokula, ya kafa murfin tukunya a gabansu. Ka ja igiya kawai, sai cokulan su hau dukan murfin kamar an saki maƙera goma a ɗaki ɗaya. Ranar da ya gwada ta, kajin unguwa sai da suka bar ƙwai a sheƙa. Duk ihu ne bayan hari, amma wa zai faɗa masa?

Da ya gama, ya sa ni na ɗauko Inna a mota ta zo ta gani, ni kuma in zama shaida cewa babu abin da ya taka doka. Ya yi wanka, ya sa rigar da ya goge da kansa, da ƙonuwa kaɗan a aljihu. Ya zagaya da ita yana bayani, ya nuna tagogi, ya nuna sandar bayan ƙofa, ya ce wannan ma Barista ta yarda, muddin ɓarawon bai juya baya ba. Inna na biye da shi. Da suka iso kan ƙararrawar ta tsaya.

"Malam, fita ka kulle ƙofar kamar yadda za ka kulle in za ka shago. Ke ma Barista, bi shi."

Muka fita. Kawu ya datse kwaɗon sama, ya datse na ƙasa, ya juya makulli, ya zuba makullan a aljihu yana murmushi. Bai rufe baki ba muka ji murfin tukunya ya ɗauka, muryar Inna na biye da shi: "Wayyo jama'a! Ku taimake ni!"

Daga gidan Mai Kitso muka ji kujeru na faɗuwa. Sai gudu, sai kuma ƙarar tafin hannu a jikin katanga, daidai inda ƙofar nan take a da. Muryar Mai Kitso ce ta biyo baya, ita da Yaya take kiran Inna.

"Yaya! Yaya, ga ni nan! Wayyo, ta ina zan shiga?"

Can sai ga ta ta ɓullo titi ba ɗankwali, ba takalmi, mata na bin ta, ta zagayo ta faɗa kan ƙofar ƙarfe tana duka da hannu biyu. Ta ga Kawu tsaye, ta daka masa tsawa ya buɗe. Kawu ya zaro makullan da sauri. Makullin sama ya shiga kwaɗon ƙasa ya ƙi fita, tarin makullan ya zube ƙasa, ya durƙusa yana lalube yana neman tabarau. Makullin ƙarshe kuma ya juya shi dama kafin hagu, sai da aka sake. Duk wannan lokacin cokula na ta dukan murfi, Mai Kitso na kuka tana kiran Yaya.

Da ƙofar ta buɗe, muka tarar da Inna zaune a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, ta harɗe hannu. Ta miƙa hannu ta kashe ƙararrawar. Mai Kitso ta rungume ta tana zaginta tana share hawaye, wai wannan wane irin wasa ne da tsufa. Inna ta bari sai da ta lafa, sannan ta dubi mijinta.

"Ka gani, Malam? Da da gaske ne, da tuni an gama da ni. Ran nan katanga ba ta cece ni ba, ga wadda ta cece ni. Kai kana shago, yara na gidajensu. Mutum ɗaya nake da shi da rana, ka sa bulo ka toshe mini ita."

Ban taɓa jin Inna ta jera magana mai tsawon wannan ba sai ranar. Kawu ya dubi tagogin, ya dubi ƙararrawarsa, ya dubi shafen simintin da har yanzu launinsa ya bambanta da na sauran katangar. Garin gyaran gira ya kusa rasa ido, kuma ya gane hakan ba tare da kowa ya ƙara masa ba. Ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Barista, doka ta yarda mutum ya fasa katangarsa?"

"Rabinta ta Mai Kitso ce, Kawu. Sai ka nemi izininta."

Ya waiga zai yi mata magana, babu ita. Ashe ta riga ta fice. Ba a jima ba muka ji dum! daga ɗaya ɓangaren, siminti ya tsage, ƙura ta zubo.

"Mai Fanka, matsa daga nan!" ta ƙwala daga gidanta. "Ni na fara ta wajena. In kana da guduma ka kama ta wajenka!"

Kawu ya tuɓe rigar da ya sha wahalar gogewa, ya rataye a igiyar shanya, ya shiga ɗaki ya fito da guduma. Bulon farko da ya faɗo, fuskar Mai Kitso ce ta leƙo ta ramin, fara fat da ƙura, tana tambayar ko akwai ashana a gidan, tata ta ƙare tun ranar da aka toshe ƙofar.

Inna ta tashi ta shiga kicin kamar jiya ta bar shi, ta ɗauko ashana ta miƙa ta cikin ramin. Ta ja ɗan tsaki ganin yadda tukwanenta suka yi baƙi. Kawu ya tsaya da guduma a sama, yana saurare.

"Ke Barista," ta ce da ni, "in kin koma, ki ce a aiko mini da akwatina."