Abin da Na Gani a Ɗigon Jinin Kawu

Mun tashi da asuba daga Madawa, ni da kawuna, za mu Keita sunan jikarsa ta fari. Damina ta kusa fita, gero ya yi kai, ko ina ka duba kore ne. Shofer ya cika mota da mutane da kaya, har da wani rago da ya ga babu matashin da ya fi masa ƙafata.

Hanyar wani wuri lafiya lau, wani wuri korama ta cinye rabinta. Kawu mutum ne mai labari a mota, amma ran nan shiru. Kafin mu shiga Buza na ga yana rawar ɗari, ga rana tsaka. Ya ce gajiya ce. Na taɓa goshinsa, kamar murhu. A tasha na sauke kayanmu, na ja shi gidan likita yana faɗa.

Majo, wato babbar mai jinya, wata mace mai fara'a, ta soki yatsansa ta duba jinin, ta ce palu ne, zazzaɓin cizon sauro.

Kawu ya ce, "Ɗiyata, ina cin tuwona sarai. Mi ya sa ƙarhi ya ƙare mini?"

Ta ce, "Baba, kun san ƙwaron wake? Yana cikin ƙwayar yana ci, waje kuwa kamar lafiya. Haka ƙwaron palu ke shiga jar ƙwayar jini ya zauna, yana cin abin da ke ba jini jansa. Abin da bai samu a ciki ba, sai ya buɗe 'yan ƙofofi a jikin ƙwayar, yana jawo sukari da sauran abinci daga jininku. Tuwonku tare kuke ci."

Ta ce in ya ƙoshi ya hayayyafa sai ƙwayar ta fashe, lokacin ne jiki ke ɗaukar zafi. Ta bar ni na leƙa madubin da take duba jini da shi. Na ga jajayen ƙwayoyi, wasu da ɗan zobe a ciki, wasu da baƙin ɗigo. Wai baƙin nan ragowar abincinsa ce, guba ce gare shi, shi ya sa yake dunƙule ta gefe guda.

Aka sa wa Kawu ƙarin ruwa, aka ba shi magani. Wani ɗan'uwa a garin ya sauke mu, matarsa ta yi ta ɗura mana hura da nono da kwaɗon zogale. Da Kawu ya fara ƙorafin cewa hurar ba ta ji yaji ba, na san ya warware.

Suna ya wuce mu, amma mun isa Keita. Tuddan garin da aka jera wa duwatsu aka dasa itace sun yi duhu, tabki ya cika. An ajiye mana soyayyen nama. Kawu ya karɓi jaririyar, ya yi mata addu'a, ya daɗe bai mayar da ita ba.

Mun komo Madawa lafiya, Alhamdulillahi. Abin da na koya shi ne zazzaɓin damina ba a jiran sa ya wuce da kansa, ko da mutum yana cin abinci. Kawu kuwa ko buta bai ɗauka ba, ya nufi bayan ɗaki, ya kwance sangen sauron da ya daɗe da rufe wa 'yan tsakinsa, ya miƙa wa matarsa ya ce a wanke, yau a kan gadonsa za a ɗaura shi.