Matar Mai Hoto Ta Hau Kujera

Shekara ashirin da biyu ana kiranta matar mai hoto, alhali ita ce mai hoton. Mijinta, Allah ya jiƙansa, idonsa ya fara yin yana tun suna da ɗa guda. Shi dai ya iya tarbar mutane, ya gyara wa ango wuyan riga, ya ce a yi murmushi. Ita ke saita fitila, ita ke leƙa kyamara ta danna maɓalli, ita ke zaman kwamfuta tana goge wa mutane ƙuraje. In hoto ya fito sai a kama hannun maigida ana jinjina masa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ba ta taɓa cewa uffan ba, wai ita mai rufa wa miji asiri.

Shagon ɗaki ɗaya ne, da labule mai zanen teku, da furen roba, da kujera guda mai hannu. Kujerar nan tana da doka: namiji ya zauna, mace ta tsaya a bayansa, ta dafa kafaɗarsa, ta ɗan sunkuyar da kai. Da bakinta ta koya wa mata ba adadi. "Amarya, ɗan sauke ido." Wannan ne ya fi ci mata rai yanzu in ta tuna.

Wata biyar da rasuwar, wan mijin ya zo. Mai sayar da tayar mota ne, bai san gaban kyamara da bayanta ba, amma ya shigo yana buga ƙafa kamar shi ya gina wurin.

"Ran Asabar zan zo in karɓi makulli," ya ce. "Namiji za mu nemo ya riƙe shagon. Aikin na'ura ba na mata ba ne."

Ya zaro wani hoton iyali daga aljihu. "Wannan kuma ki nemi wanda ya iya ya faɗaɗa, a rataye don tunawa da ƙanina. Ki ce ya cire wannan dishi-dishin na gefe, ya ɓata hoton."

Dishi-dishin nan ita ce. In za a yi hoton iyali, ita ke jera kowa, ta saita kyamara ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa goma, sannan ta ruga, ta tsallake waya, ta kewaye fitila. Kafin ta tsaya cak an riga an ɗauka. Da ya fita ta zazzage albam ɗin gidan kaf. Nan rabin kafaɗa, can jelar gyale, can hannu a iska. Macen da ta fito da fuskar duk unguwa, babu tata ko a hoto ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa cewa a sake ɗauka don ita. Ko mijin. Ranta ya ɓaci.

Washegari da safe ta kulle ƙofa ta ciki, ta kunna fitilu. Hoton farko da ta ɗauka, da ta duba sai ta ga kanta tsaye bayan kujerar da babu kowa, ta dafa, ta sunkuyar da kai. Jikinta ne ya yi abin da ya saba. Ta ja tsaki, ta goge. Ta tono wata doguwar waya mai maɓalli a kai, ta ɗaukar hoto daga nesa, daga ƙasan durowa, ta jona da kyamara. Yau babu gudu. Ta zauna a kujerar daram, ta buɗe kafaɗa, ta dubi gilashin kyamarar ido cikin ido, ta danna. Ba ta goge tamoji ko ɗaya ba, furfurar da ta leƙo ma ta bar ta. Ta wanke hoton babba, ta sa a firam, ta rataye inda aka ce a rataye na ƙanin.

Ran Asabar wan miji ya shigo, ya yi turus. Zaman kujerar bai yi masa daɗi ba, amma ido ba ya ƙarya.

"Kai! Wannan hoto ya fitu. Dubi haske! Wane ne ya ɗauka? Ai irinsa nake nema, shi za mu ba shagon."

"Ka tabbata, Yaya?"

"Ni magana ɗaya nake yi."

"To dubi hannuna na dama."

Ya matsa, ya ƙura wa hoton ido. Babban yatsanta yana kan maɓalli, wayar ta sauko ta kan cinyarta, ta bi ƙasa ta nufo kyamara. Ya dubi bangon da ke cike da angwaye da jarirai da 'yan makaranta, hasken duk iri ɗaya da wannan. 

"Makullin da ka zo karɓa yana hannun mai hoto," ta ce. "Matsa, Yaya, ka tare mini haske."