Wa Ya Ɗaga Igiyar Shanya?

Ba-Zama ake ce mata, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Shekara talatin da ɗoriya tana wanki da guga a ɗan shagonta na bakin layi, ba a taɓa samun shaidu biyu da suka gan ta a zaune ba. A dangi ana cewa ko ranar da za ta haifi Auta, sai da ta ninke zannuwan gadon asibitin kaf kafin ta yarda ta kwanta.

Daga igiyar shanya rigimar ta fara. Igiyar tana bayan shagon tun gininsa, da can Ba-Zama kan rataya riga ko kallo ba ta yi. Sai ga shi bara tana ɗage, bana har da ɗan tsalle.

"Direba," ta ce wa mijinta, wanda ya ajiye tuƙi amma sunan ya ƙi sauka, "wa ya ɗaga mini igiya?"

"Ni da ko ƙusa ban iya bugawa ba? Ke ce dai kike komawa ƙasa."

"Aniyarka ta bi ka."

Tsallen ne ya kayar da ita. Ba wata faɗuwar a zo a gani ba, dafa ƙasa kawai ta yi, wuyan hannunta ya ce ƙas kamar busasshen kara. A asibiti aka ɗaure hannun, aka kwantar da ita a na'urar auna ƙarfin ƙashi. Minti goma ne kacal, amma an ce sai da ma'aikata huɗu suka danne ta.

"Mama," in ji likita, "ƙashinki ya koma kamar soson wanki, waje lafiya, ciki ramuka. Yana samun mata da yawa bayan al'ada ta ɗauke. Igiyarki tana inda take, ƙashin bayanki ne ya lotsa."

"To, bari hannun ya warke mu yi maganar."

"Ƙashin da ya karye a irin wannan faɗuwa ya gama jira. Yau hannu ne. In gobe ƙugu ne, kwanciya ce ta watanni."

Ba-Zama ta ji kalmar kwanciya kamar an watsa mata ruwan sanyi. Likita ya tura ta aka duba haƙoranta tukuna, don maganin ƙashin kan taɓa muƙamuƙi, sannan ya ba ta zaɓi: ƙwaya sau ɗaya a mako, ko allura duk wata shida, wadda ba a tsallake lokacinta.

"Allurar, sai na zauna a benci na bi layi?"

"Sai kin zauna."

"Kawo ƙwayar."

Ya jero mata sharuɗɗa: da safe kafin ta ci komai, da cikakken kofin ruwa, sannan rabin awa ba ci, ba kwanciya, ba duƙawa. Tana jin "ba kwanciya" ta yi dariya, ta ce wannan ai maganinta ne tun daga masana'anta. Sauran maganar kuwa ta bar masa ita a ofis, ta riga ta kai ƙofa.

Litinin ta farko ta haɗiye ƙwayar da kurɓi ɗaya, ta kifa kai cikin bahon wanki tana ɗauraya da hannu guda. Kafin hantsi ƙirjinta ya kama wuta kamar ta haɗiyi dutsen guga. Mako na biyu ma haka. Sai ta tura sauran ƙwayoyin cikin aljihun wata tsohuwar kwat da mai ita bai dawo ya karɓa ba shekara bakwai, ta ci gaba da harkarta.

Auta ce ta tono su, tana kakkaɓe kwat ɗin.

"Mama, ko ki sha, ko na sa wa shagon nan kwaɗo na tafi da ke gidana. Akwai kujera mai laushi gaban talabijin, taki ce har abada."

Ba-Zama ta zagaye teburin guga sau uku. Ta ɗauki riga, ta ajiye. Ta leƙa igiya, ta dawo. Washegari kafin a buɗe ɗakin likita tana tsaye a ƙofar.

"In kin haɗiye, me kike yi?" ya tambaye ta.

"Wanki mana."

"A duƙe?"

"A kan silin ake wanki a gidanku?"

Ya yi dariya, ya ce duƙawar ce ke dawo da ƙwayar maƙogwaro ta ƙona ta. In ba za ta iya ba, ga allura.

"Tsayuwa fa?"

"Har yawo ki yi."

"Guga?"

"In bayanki a miƙe yake."

Ranar Direba ya sa bulo biyu-biyu a ƙarƙashin ƙafafun teburin guga, aiki mafi nauyi da ya yi tun da ya bar mota. Yanzu duk Litinin Ba-Zama kan shanye kofinta tas, ta jera riguna shida tana gogewa a tsaye, kowace minti biyar. Kafin ta shida ta hau rataya, ko allura ce ta faɗi ƙasa ba ta duƙawa, sai dai ta kira Direba.

Rannan ta kama shi a bayan shago da guduma, yana sauke igiyar a ɓoye. Likita ya riga ya faɗa mata tsawon da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage ake karewa. Ta miƙa hannu ta nuna masa daidai inda yatsunta suka tsaya.

"Buga a nan. Amma in baɗi ka sake sauke ta, da kai da likitan duk za ku yi mini bayani."