Lesieli da Alewar 'Ya'yan Mutane

Lesieli matar ƙanena Manase ce. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, ga saurin tafiya kamar wadda ta bar tukunya a wuta. A wani ƙaramin tsibiri na Ha'apai aka haife ta, kuma tun tana aji biyu a sakandare aka cire ta don ta yi jinyar kakarta. Tana gama wannan jinyar ta shiga ta mahaifinta. Da aure ya ƙetaro da ita teku zuwa unguwarmu ta Mount Druitt, sai ta sami aiki a gidan kula da tsofaffi, tana yi musu wanka tana ba su abinci a baki. Nakan ce mata, "Lesi, ke dai Allah ya halicce ki da tawul a kafaɗa." Sai ta yi dariya ta rufe baki.

Amma ba da wannan aka san ta a cocinmu ba. Da kahoa aka san ta. Duk yaron da ya gama sakandare a cikinmu, mu mutanen tsibirai, dangi da abokan arziki kan rataya masa kahoa a wuya, na furanni da na alewa da cakulan a naɗe cikin leda mai sheƙi, ana jibga masa har sai an daina ganin idonsa. Yaron da aka ga haɓarsa a waje, to danginsa sun ji kunya. Lesieli ce ke ɗaura na kusan kowa, kuma ita ta koya wa rabin matan cocin. 'Ya'yana uku duk a hannunta suka nutse cikin kahoa. Ba ta taɓa karɓar komai ba, in ka matsa mata ma sai ta ɓata rai.

Nata 'ya'yan maza biyu kuwa ba wanda ya kai ƙarshen sakandare. Babban ya bi ƙwallon zari-ruga har gwiwa ta tashi aiki, ƙaramin ya ga abokansa suna samun kuɗi a wurin gini ya ajiye jaka. Saura auta, Melenaite, wadda muke kira Naite. Lesieli ba ta taɓa faɗa da bakinta ba, amma duk mai ido ya sani. Duk lokacin da ta rataya wa ɗan wani kahoa, sai ta ɗan tsaya tana gyara masa ta baya, ta daɗe fiye da yadda gyaran ke buƙata. Abu ɗaya take jira a duniya, ta ga tata 'yar ta nutse cikin kahoa.

Shekarar da Naite ta shiga ajin ƙarshe ita ce shekarar da korona ta dawo mana da ƙarfinta. Aka kulle unguwanninmu kulle mai tsanani, ba mai wuce kilomita biyar daga ƙofar gidansa. Aka rufe coci, aka rufe makaranta. Naite ta koma karatu a kan teburin cin abinci, ubanta na gefe yana ƙure rediyo, yayyenta suna buɗe firij kamar an aiko su. Yarinyar ta daure. Uwar kuwa kullum tana hanya, don tsofaffi ba su san da wani kulle ba, sai an yi musu wanka.

A watan Satumba makaranta ta ce bikin yaye ɗalibai a kwamfuta za a yi, kowa a gidansu. Ana cikin jimamin wannan sai cutar ta shiga wurin aikin Lesieli, ta kama ta. Aka killace gidan gaba ɗaya. Ita ta shige ɗakin baya ta rufe, ana ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Kwanakin farko ba na son tuna su. Ina layin bayansu, amma iyakacina in dafa doya da ganyen gwaza in rataya a katanga in juyo ina addu'a.

Da ta ɗan farfaɗo na kira ta.

"Yaya Kalo," ta ce, murya kamar ana jan buhu a ƙasa, "ko ɗaya ban ɗaura ba."

"Ke ana ta ranki kina ta alewa?"

"Ga su nan a ƙarƙashin gado, tun farkon shekara nake tarawa. Amma abin da na taɓa ba zai hau wuyan yarinyar nan ba. Haka za ta zauna gaban kwamfuta da wuya fayau, kamar marainiya."

Sai ta fashe da kuka, tari ya sarƙe ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba, da duniyar gaba ɗaya.

To ni ce babbar gwaggon Naite, kuma a wurinmu maganar gwaggo ba a mayar da ita. Ban cika amfani da wannan ikon ba, sai dai wajen ɗaukar hawan saman kek a biki. Ranar na yi amfani da shi har ƙarshensa. Na ɗauki waya na bi matan coci ɗaya bayan ɗaya.

"Ke, wa ya ɗaura wa ɗanki da ya gama?"

"Lesi ce, Yaya."

"To ki tashi."

Matsalar ita ce mun warwatsu, wasu a Blacktown, wasu har Granville, kuma ba mai ikon zuwa. Amma an yarda mutum ya fita miƙe ƙafa, kuma kilomita biyar ɗin wannan yana taɓa na wancan. Sai aka shiga miƙo. Ta Granville ta fito yawo da jaka, ta ajiye a kan bencin wani fili, ta ja da baya. Wata ta zo daga nata ɓangaren da takunkumi a fuska ta ɗauka, ta haɗa da nata ta kai gaba. Matan da likita ya yi shekaru yana roƙonsu su riƙa tafiya, a wannan makon sun yi ta shekara guda. Daga ƙarshe komai ya taru a wurina, ni kuma ina miƙawa ta katangar baya, wadda ke kallon wata 'yar hanya. Na hana a gaya wa Lesieli, na ce a bar labulenta a sauke.

Nan ƙanena ya nuna mana basirarsa. Manase ya ji an ce rana tana kashe cutar, sai ya kwashe kahoa duka ya shanya a kan igiyar shanya mai juyawa da ke tsakar gida, ya koma ciki abinsa. Ina isowa da sabuwar jaka na ji ihu. Fararen aku masu tukku sun sauka a kai, sun fi goma, suna farke leda suna watsi da cakulan, igiyar na juyawa da su kamar lilo.

"Manase! Fito ka ga surukanka sun zo biki!"

Ya fito da gudu ba takalmi yana kaɗa tsintsiya.

"Yaya, wallahi don lafiyar yarinyar na yi."

"Lafiyar wa? Cutar a cikin gidanka take, ba a alewar mutane ba! Kai dai tun kana yaro in aka ce ka tsare kifi, kyanwa kake kira ta taya ka."

Kusan kashi ɗaya cikin uku ya lalace, ga biki saura kwana biyu. Na koma gida na zauna, ban san da wane baki zan sake kiran mutane ba. Ashe labari ya riga ni. Matan suka yi dariya har da hawaye, sannan kowace ta koma shago. Miƙo na biyu ya fi na farko yawa. Manase kuwa ya kwashe komai ya zuba a cikin motarsa ya kulle, ya sa makullin a wuya.

Ranar bikin da hantsi na tsaya a bayan katanga, na taka bokiti don in ga ciki. Naite ta fito da kayan makaranta a goge, ta ɗaura tabarmar ado irin ta al'adarmu a ƙugu, ta ɗora kwamfutar a kan kujera a tsakar gida. Shugaban makaranta yana karanto sunaye, hoto na tsayawa yana tafiya. Da ya zo kan sunan Naite ya murɗe shi yadda suka saba, amma mun gane. Na yi guɗa har karen maƙwabta ya amsa.

Sai Manase ya ƙwanƙwasa gilashin tagar ɗakin baya.

"Uwargida, ɗaga labule."

Labulen ya ɗaga a hankali. Na ga fuskarta, ta rame, ta dafa tagar da hannu biyu. Yayyen Naite suka fito daga wajen mota, kowanne hannuwansa cike har kafaɗa. Lesieli ta saki baki tana kallo.

Manase ya rataya na farko, nawa. Ya ɗauko na biyu, sai muka ji murya ta cikin gilashi.

"Wannan na Seini ne. Har yau ba ta iya jan ƙulli ba."

Muka kwashe da dariya. Haka ta riƙa kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, matan da ta koya wa, tana gane hannun kowace. Can sai ta daina kira, ta zuba wa 'yarta ido. Kahoa suka rufe kafaɗa, suka hau haɓa, suka wuce hanci. Ni a kan bokiti ina ta gode wa Allah da ya bar mana matar nan, ina gode wa mutanen da ba su manta ba, hawaye ya jiƙa mini takunkumi sharkaf.

"Naite," in ji uwar, "kina ina?"

"Ina ciki, Mama. Ba na ganin komai."

"Ni ina gani. Tsaya nan, kar ki motsa."

Rana ta yi sama, cakulan ya fara narkewa yana bin wuyan farar rigarta. Manase ya ce ko a rage mata ta sha iska, Naite ta girgiza kai, ledoji suka yi ƙara. Haka ta tsaya a tsakar gida ba ta ganin kowa, har sai da ƙafafun uwarta suka gaji ta nemi kujera, ta jawo ta bakin taga ta ci gaba da kallo.