Rijiyar Baba Boniface

Duk wanda ya yi noman lambu a fadamar bayan Kudenda a shekarun can baya ya san Baba Boniface. Dogon tsoho ne, mutumin Inugu, ga tari ga taurin kai. Ni Audu, lambuna yana manne da nasa, kunya ɗaya ce ta raba mu, don haka na fi kowa shan haushinsa.

Yana da 'yar rijiya da ya haƙa da hannunsa, da ita yake shayar da ganyen ugu da alayyafonsa. Kullum da safe in ya jawo gugan farko sai ya leƙa, ya sansana, ya kurɓa, ya furzar. Ni kuwa ba na barinsa.

"Baba, yau sukari ya ji a shayin?"

"Malam Audu, ka yi dariya," in ji shi. "Ba ka taɓa ganin ruwa ya mutu ba."

Sai da muka shekara biyar muna maƙwabtaka kafin ya faɗa mini dalili. A garinsu ya yi aiki a ramin kwal, shi ne mai kula da famfo. Mutane suna can ƙarƙashin ƙasa suna haƙa, ruwa yana tsattsafowa ta bango, shi kuma yana zuƙe shi. In famfo ya tsaya, ruwa ya cinye su. Ana cikin haka idon ruwan ƙauyensu ya fara ja da baya har ya ƙafe, ashe shi ne yake tsiyaya cikin ramin. Wanda famfon ya zuƙo kuma cikin rafi ake sako shi, ja kamar tsatsa, ga tsami. Kifi ya ƙare. Mahaifiyarsa tana da lambu a kwarin, da rafin nan take ban ruwa, ganyenta ya ƙone ƙurmus.

Ya ce wata rana ta tako har ɗakin famfo da ƙonannen ganye a hannu, ta ce masa, "Kashe abin nan." Ya ce, "Mama, akwai mutum arba'in a ƙasa." Ta ajiye ganyen a gabansa ta juya. Har ta rasu ba ta ƙara yi masa maganar ba, shi kuma har ya tsufa yana jin ta.

Na ji tausayinsa, wallahi. Amma ɗan Adam mantuwa gare shi. A 1986 na sayi injin ban ruwa, irin mai shan fetur ɗin nan. Na ƙara wa rijiyata zurfi, ga ta taku goma daga tasa, na zura tiyo. Aikin da nake wuni ina yi sai na gama shi kafin hantsi, har na ƙara fili. Mako uku, igiyar Baba ta daina kai wa ruwa. Ya ƙulla wata. Ita ma ta kasa.

Sau ɗaya tak ya yi mini magana. Ya tsaya a kan kunya ya ce, "Malam Audu, ka rage."

Ni da baƙar zuciya na ce, "Haba Baba! A rijiyarka na zura tiyo? Kowa ya sha daga tasa mana!"

Ya koma ya zauna yana kallon ugunsa yana yaushi.

Ranar wata Talata, rana tsaka, injin ya yi tari ya mutu. Fadama ta yi tsit. Kafin in miƙe daga cikin tumatir sai ga tsohon nan a guje, ya tsallake kunya, ya tattake mini latas, yana ihu.

"Akwai mutane a ƙasa! Akwai mutane a ƙasa!"

Ya durƙusa gaban injin, ya kwance fulogi ya goge da rigarsa, ya hura, ya mayar, ya finciki igiya. Inji ya tashi. Ruwa ya ɓulɓulo. Ya sauke wata irin ajiyar zuciya, har da murmushi. Sannan ya ɗaga kai ya ga inda yake: ba rami, ba kowa a ƙasa, sai ni tsaye baki buɗe. Mutumin nan da hannunsa ya tayar da abin da yake shanye masa rijiya.

Ya je ya leƙa ta. Laka ce kawai a ciki.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Na ja tiyon nan na haye kunya, na sakar wa ugunsa ruwa. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Daga yau naka za a fara shayarwa." Ya tara hannu ya sansana, ya kurɓa, bai furzar ba. Hawaye na bin fuskarsa.

"Ka ga abin ba wuya," in ji shi. "Ni ko guga ɗaya ban taɓa kai wa uwata ba."